Yadda Za A Karanta Adon Bango A Birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Kuyambana ya ratsa unguwanni, zai ga sauran gidajen ƙasa masu zanko da ado a fuskar zaure. Amma kowace damina sai an rasa wasu, ko ruwa ya ci, ko mai gida ya rushe ya sa bulo. In bango ya faɗi adonsa ya tafi ke nan, tun da ba a rubuta shi ba.

Akwai wata dabara da za ta taimake mu. A 1977 wani masanin gini a Amurka, Christopher Alexander, shi da abokan aikinsa suka fitar da littafi mai salon gini 253. Kowane salo an raɗa masa suna, an faɗi matsalar da ya ke warwarewa da inda ya dace. Daga baya masu aikin kwamfuta suka ari wannan hanya.

Hanyar ta dace ƙwarai da nazarin abin da Turawa ke kira demo, watau ɗan shirin kwamfuta mai nuna zane mai motsi tare da kiɗa, don gwada gwaninta. Samarin Turai suka fara shi bayan 1980 a kan injuna irin su Commodore 64 da Amiga, har ƙasar Finlan ta sa shi cikin jerin al'adunta na gado a 2020. Mai kallo ya kan ga kamar kowane demo dabam ya ke, alhali kuwa 'yan siffofi ne a ke ta maimaitawa: rubutu mai gudu, taurari masu tahowa, akwati mai juyawa. Ƙarancin ƙarfin injin ne ya haife su, gwaninta kuwa tana wajen haɗa su.

To, haka adon bangonmu ya ke. Magini yana da dagi, da takobi, da da'ira, daga baya keke da mota suka shigo. Kayan aiki su ma suna da tasu magana: adon da aka mulmula da hannu a ɗanyar ƙasa ya kan fito da kauri, wanda aka zana da wuƙa a kan siminti kuwa ya fi siranta. Wanda ya san haka zai iya gane zamanin gida, wani lokaci har da hannun da ya yi shi.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su fita da yara da fensir da takarda. Kowane ado a zana shi, a tambayi tsofaffin magina sunansa, a rubuta inda ya ke a jikin bango da abin da aka yi shi da shi. Akawuna kuma su taimaka da adana takardun. Garin da Babban Gwani ya gina wa masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu bai kamata ya bar sunayen adonsa su bi ruwa ba.