Shirin Musamman: Masu Sojan Gona Da Imel Ɗin Kamfani

Yau shirin namu zai leƙa ofisoshi ne, inda 'yan damfara ke yin sojan gona da adireshin imel na kamfani ba tare da sun kutsa cikin akwatinsa ba.

Tun daga tushe matsalar ta samo asali. Tsarin SMTP da ake aika imel da shi tun 1982 ba ya tantance mai aikawa. Kamar ambulan ne, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayansa. Sai akanta ya buɗe kwamfuta da safe, ya tarar da saƙo da sunan shugaban kamfani: a biya wannan kuɗi yau, cikin wannan sabon asusu.

Kamfanin da ya koma Google Workspace ko Microsoft 365 kada ya ɗauka an gama. Akwai makullai uku da shi da kansa zai saka a bayanan DNS na sunansa. SPF shi ne jerin sabobin da aka amince su aika saƙo da sunan kamfanin. DKIM kuwa sa hannu ne na sirri da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC ke faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin: ya bar shi ya wuce, ya killace shi, ko ya ƙi karɓa. A fara da sa ido ana karanta rahotanni, kada a toshe saƙonnin kamfani na gaskiya, sannan a tsaurara. Tun Fabrairun 2024 Google ya wajabta waɗannan ga masu aika saƙo sama da 5,000 a rana zuwa Gmail.

Sai dai makullan ba sa kama wanda ya yi rajistar suna mai kama da naku. Evaldas Rimasauskas, ɗan ƙasar Lithuania, ya buɗe kamfani da sunan Quanta Computer na Taiwan, ya damfari Google da Facebook sama da dala miliyan 100 tsakanin 2013 da 2015. A 2019 kotun Amurka ta yanke masa shekara biyar.

Saboda haka duk saƙon da ya ce an sauya lambar asusu, a kira mai shi ta lambar wayar da aka sani tun da, kafin a tura ko sisi.