Romon Ƙashin Kaza: Kada Mu Zubar da Rabin Kazar

A yawancin gidajenmu, da an raba naman kaza sai wuya da ƙafafu da ƙashin baya su tafi bola. A hutun nan mun zauna bakin murhu tare da iyayenmu mata, muka ga irin asarar da ake yi.

Tsohuwar kazar Hausa da ta daina ƙwai ita ce ta fi. Namanta da tauri, amma gaɓoɓinta cike suke da guringuntsi, kuma shi ne yake narkewa ya ba romo kauri. Kazar gidan gona, wadda ake yankawa tana da sati 6 zuwa 8, ba ta kai nan ba.

A zuba ƙasusuwan a tukunya, ruwan sanyi ya sha kansu. Idan ya tafasa a kwashe kumfar, a rage wuta, a sa albasa, citta, masoro da ɗan kanumfari. A bar shi awa 3 zuwa 4 yana dahuwa a hankali. Gishiri sai a ƙarshe, don ruwan tsotsewa yake. Sannan a tace da rariya, saboda dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa, yana iya maƙale wa ƙannenmu a wuya.

Kazar da ta yi laushi tana gyangyaɗi, ko da Mama ta ce a yi maza a yanka, a roƙe ta a haƙura. Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, tana iya kama mutum wajen figa da fiɗa.

In babu wutar firji, a zuba shi a miyar kuka ko dafa-duka a ranar.