Na'urar buga bakod: Abin da ke kashe ta da yadda ake tsawaita ranta

A ranar 26 ga Yunin 1974, a wani kanti da ke garin Troy na jihar Ohio a Amurka, aka fara sayar da kaya ta hanyar haska lambar layuka da ake kira bakod. Kayan kuwa ƙunshin cingam ne. A yau waɗannan layuka baƙaƙe suna jikin kwalin magani, da ƙunshin saƙo, da kwalbar jini a ɗakin gwaji. Najeriya ma tana da lambarta ta farko a tsarin hukumar GS1 ta duniya, wato 615.

Ƙaramar na'urar da ke buga sitikar bakod ta shiga manyan kantuna da asibitoci da kamfanonin aika saƙo. Sai dai da yawa daga cikin masu amfani da ita ba sa waiwayarta sai ranar da ta ƙi aiki. Alhali mafi yawan matsalolinta daga abubuwa uku suke tasowa: ƙura, da zafin da ya wuce kima, da takardar da ba ta dace ba.

Da zafi take rubutu

Wannan na'ura ba ta fesa tawada. A cikinta akwai wani siririn sashe da ake kira kan bugawa, wanda aka jera wa ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi. A yawancin na'urorin kanti ɗigo 203 ne a kowane inci, kimanin takwas ke nan a milimita ɗaya. Takarda na wucewa tsakanin kan da wata rola ta roba, duk ɗigon da ya yi zafi sai ya bar baƙi.

Iri biyu ne. Na farko yana buƙatar takarda mai sinadarin da ke baƙi da kansa idan ya ji zafi, irin takardar rasit ɗin POS. Duk wanda ya taɓa ajiye rasit na 'yan watanni ya san yadda rubutunsa ke dusashewa, kuma haka wannan sitika take idan rana ko zafi ya buge ta. Na biyu yana amfani da ribon, zafi ya narkar da baƙin da ke jikinsa ya manne a kan sitika. Ribon na kaki shi ne mai arha, ya dace da takarda. Na resin ya fi jure gogayya da sinadarai, kuma da sitikar roba ake haɗa shi. Akwai kuma gaurayen biyun.

Hanya mai sauƙi ta gane takarda ita ce a karce ta da farce da sauri. Idan baƙin layi ya fito, mai baƙi da kanta ce. Idan bai fito ba, sai da ribon.

Farin layi daga sama har ƙasa

Wannan ita ce alamar da ta fi kowace haɗari. Idan farin layi ya ratsa kowace sitika a wuri guda, to ko datti ya rufe wani ɗigo, ko ɗigon ya mutu. Idan layukan bakod suna tafiya ne ta inda takarda ke fitowa, ɗigo ɗaya da ya mutu yana iya rage kaurin layi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ido zai ga lamba lafiya ƙalau, amma sikana ta ƙi karantawa. A kanti wannan jinkiri ne da dogon layi. A ɗakin gwaji kuwa ma'aikaci zai koma shigar da lamba da hannu, kuma ta nan ne sakamakon wani ke iya komawa kan sunan wani.

Matakin farko shi ne gogewa. A kashe na'urar, a bar kan ya huce, a jiƙa tsumma mai laushi marar gashi da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, a goge daga gefe zuwa gefe, sannan a jira ya bushe. Idan layin ya ɓace, datti ne. Idan yana nan bayan gogewa sau biyu, ɗigon ya mutu, kuma ba a gyara shi, sai dai a sauya kan gaba ɗaya. Kan kuwa shi ne sashe mafi tsada a cikin na'urar.

Kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Zebra da TSC, suna ba da shawarar a riƙa gogewa a kai a kai, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk lokacin da aka sauya ribon ko nadin takarda. A arewacin Najeriya, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi. Ƙurar da ta sauka a kan takarda tana wucewa ƙarƙashin kan tana cinye rufinsa sannu a hankali. Don haka a rufe na'urar idan an tashi aiki, a kuma bar takarda cikin ledarta har ranar da za a saka ta.

Rubutu ya dusashe ko ya cakuɗe

Idan rubutu ya yi haske, abin da aka saba yi shi ne ƙara zafi har ƙarshe. Hakan yana ƙona ɗigogi da wuri, yana kuma sa layuka su kumbura su cinye farin da ke tsakaninsu. Abin da ya fi shi ne a fara gogewa, a rage saurin bugawa, sannan a ƙara zafi kaɗan-kaɗan har a samu mafi ƙarancin da ke ba da baƙi mai kyau.

Idan sitika ta fito fara fat, a duba ko an saka takardar ribon ba tare da ribon ba, ko an juya fuskar ribon. A manna sitika a jikinsa a ɓalle: gefen da ya bar baƙi shi ne zai fuskanci takarda. Fararen layuka a karkace kuwa alama ce ta ribon ya yamutse, sai a miƙe shi a tabbatar kan ya rufu daidai ta gefe biyu. Ya kamata ribon ya ɗan fi takarda faɗi, domin yana kare kan daga kaifin gefenta.

Tana tsallake sitika

Na'urar tana da ido da ke gane ratar da ke tsakanin sitika da sitika, ko baƙar alamar da ke bayan takarda. Idan ƙura ko guntun takarda ya rufe idon, ko aka sauya girman sitika ba a sake daidaita ta ba, sai ta riƙa tsallakewa ko ta buga a kan rata. A share idon, a sake daidaitawa kamar yadda littafin na'urar ya nuna, a kuma tabbatar girman da aka saka a kwamfuta ya yi daidai da na takardar.

Kafin a zargi na'ura, a sa ta buga sitikar gwaji da kanta. Idan gwajin ya fito da kyau, matsalar tana wajen kwamfuta ko waya.

Abubuwan da ba a yi

Kada a ciro sitikar da ta maƙale da reza ko wuƙa ko sukudireba. Karce ɗaya ya isa ya kashe kan, yanka ɗaya a jikin rola kuma zai riƙa bayyana a kan sitika har sai an sauya ta. Danƙon da ya manne, da aisofurofil ake jiƙa shi a cire. Kada a taɓa fuskar kan da yatsa. Kada kuma a jona ta da cajar wata na'ura, kuma inda wuta ke hawa da sauka ko ake juyawa zuwa janareta, a sanya mata sitabilaiza.

Daga ƙarshe, kowace safiya a buga sitika ɗaya a haska ta da sikana kafin a fara aiki. Gara a gano layin da ya lalace a wannan lokaci da a gano shi bayan an manna sitika ɗari a jikin kaya.