Ulu ko Filis: Rigar da Maharbin Amurka Yake Jiran Barewa a Cikinta

A jihohin arewacin Amurka irin su Wiskonsin da Mishigan da Fensilbeniya, watan Nuwamba shi ne kakar masu farauta da kwari da baka, domin a lokacin ne barewa mai farar wutsiya take barbara, mazan su riƙa yawo ko da rana tsaka. Maharbi yakan bar motarsa tun kafin asuba, ya taka cikin duhu da jaka a baya, ya hau bishiya ya ɗaure kansa a wani ɗan dandamalin ƙarfe da ƙafa biyu kawai yake ɗauka. Kafin ya kai sama, gumi ya jiƙa masa gadon baya. Daga nan sai zama, awa huɗu ko biyar ba motsi, sanyi ya yi ƙasa da sifiri, iska tana ratsa rassan da ganyensu ya gama zuba. Duk gardamar da maharba suke yi tsakanin ulu da yadin roba mai laushi da ake kira filis, a kan wannan zaman ne.

Mai bindiga yana iya harbi daga mita ɗari biyu. Mai baka kuwa sai dabba ta matso kamar mita ashirin zuwa talatin, inda take jin gogar hannun riga a jikin ɓawon bishiya. Kibiyar bakan zamani tana tafiyar kusan mita 90 a daƙiƙa, sauti yana tafiyar mita 340, don haka ƙara tana riga kibiya isa kunnen barewa, ta zabura kafin ta iso. Rigar da za ta yi wa wannan mutum aiki dole ta zama marar ƙara, marar riƙe wari, mai ɗumi, kuma ba mai kaurin da tsirkiya za ta kama hannunta ba.

Tun da Wiskonsin ta ware wa masu baka lokacin farautarsu na musamman a 1934, ulu suka riƙa sawa. Masaƙar Woolrich ta fara saƙa shi a Fensilbeniya tun 1830, kamfanin Filson na Siyatil kuma ya yi rajistar jibgegiyar rigarsa ta shiga daji a 1914. Abin ya fara juyawa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da masaƙar Malden Mills ta jihar Masachusets ta saƙa zaren foliyesta ta taje shi har ya yi laushi kamar gashin ɗan rago. Kamfanin Patagonia ya fito da rigunansa na wannan yadi da sunan Synchilla a 1985. Mai masaƙar, Aaron Feuerstein, bai yi wa ƙirƙirar rajistar mallaka ba, sai kowa ya kwaikwaya, farashi ya faɗi warwas.

Arha ita ce dalili na farko, amma ba ita kaɗai ta kori ulu ba. Baka mai ƙananan tayoyi da Holless Wilbur Allen ya samu rajistarsa a 1969 ya sauƙaƙa harbi, ya jawo ɗimbin sababbin maharba waɗanda ba su gaji rigar kakansu ba. A 1986 kamfanonin Realtree da Mossy Oak suka kafu a kan zanen ɓad-da-kama mai siffar ɓawo da ganye, kuma irin wannan zane ya fi hawa sarai a kan foliyesta. Filis ba shi da nauyi, ba ya ƙaiƙayi, asu ba ya cin sa, ana jefa shi a injin wanki ya fito ya bushe nan da nan, alhali ulu yana tsukewa in ya sha ruwan zafi. Tumakin ƙasar ma sun riga sun ja baya: daga miliyan 56 a 1942, yau kusan miliyan biyar suka rage.

Sai da aka yi shekaru ana zama a kan bishiya da filis kafin aibinsa ya fito fili. Filis zalla iska tana wuce shi kamar rariya. Masu ƙera kaya suka magance haka ta hanyar manna wata siririyar leda a tsakiyar yadin, ledar ta tare iska, amma in sanyi ya tsananta wasu irinta suna sandarewa su riƙa kwaramniya, wato an toshe kafa ɗaya an buɗe wadda ta fi cutar da mai baka. Ga 'ya'yan ciyawa masu ƙaya da suke manne masa yadda ƙarangiya take kama zane. Tartsatsin wuta guda yana huda shi, domin narkewa yake yi. Mafi muni a wajen maharbi shi ne wari: foliyesta yana riƙe maiƙon gumi, bayan kwana biyu a sansani riga ta fara tsami, barewa kuwa da hanci take tsaron ranta.

A nan ne nake ganin ulu ya fi ƙarfinsa, kuma dalilin yana cikin zaren kansa. Zaren ulu yana shanye laima har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, yana kuma sakin ɗan ɗumi yayin da yake shanta. Foliyesta ba ya shan ko kashi ɗaya. Yana tura gumin waje ne, wanda hakan alheri ne ga mai tafiya da jikinsa ke ci gaba da hura wuta. Mutumin da ya jiƙe sannan ya zauna cak, shi laimar da ke kwance a fatarsa take sace wa zafi. In ya fara makyarkyata, kafaɗa ta ƙage, jan baka ya zama wahala, kibiya ta sauka inda ba a nufa ba. Dabbar da aka raunata ta shige daji ta mutu a hankali ita ce asarar da ta fi damuna a cikin wannan lissafi, fiye da kuɗin riga.

Ulu ya dawo, amma ta wata ƙofa. Tumakin merino, waɗanda asalinsu Sifaniya ne kuma yau Ostireliya ta fi kiwonsu, suna ba da zare siriri da ba ya soka fata. Kamfanin Smartwool ya fara da safa a Kolorado a 1994, Icebreaker ya biyo baya a Niyu Zilan a 1995, sannan First Lite na jihar Aidaho ya kafu a 2007 a kan rigunan ciki na merino masu zanen ɓad-da-kama. Yau maharba da yawa sun daidaita a kan merino a jikin fata, filis a tsakiya, wata riga mai tare iska a sama. Ribar wannan komowa ba ta kai ga tsofaffin masaƙu ba. Woolrich ta rufe masaƙarta ta Fensilbeniya a 2018. Rigar ulu mai kauri, wadda ba ta ƙara ko an goga ta da ƙaya, ta zama kayan masu hali, ana sayenta ɗaruruwan daloli, ga nauyi in ta sha ruwan sama, ga jinkirin bushewa.

Shi ma filis arharsa tana da bashi a bayanta. Wani bincike da Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ta yi a 2016, da tallafin Patagonia kansa, ya nuna cewa riga ɗaya tana zubar da kimanin giram 1.7 na ƙananan zaruruwan roba a kowane wanki, wani kaso yana tsallake matatun ruwa ya shiga koguna. Ga wanda yake farauta a bakin waɗannan koguna, abin dubawa ne. Rigunan da aka gaji da su kuma suna shiga dilar gwanjo, shi ya sa muke ganin irinsu a kasuwar Ƙofar Wambai da shigowar hunturu, kuma ga ɗarinmu busasshe suna aiki sosai.

Mai yawo a duwatsu yana bin sawu, filis zai ishe shi, ya kuma rage masa kaya. Mai zama a kan bishiya a Nuwamba kuwa, in kuɗinsa na riga ɗaya ne, ni dai ta ciki ta merino zan ce ya fara saya. Ta sama kuma, kowace iri ce, ya bar ta ta kwana a waje cikin sanyi, da safe ya goga hannunta a gefen ƙirji kusa da kunnensa, in ya ji kwaramniya ya mayar wa mai kanti.