Abin da Ya Sa Wake Yake Daɗewa a Kan Wuta a Jos

Uwargida a unguwar Kongo-Rasha ta garin Jos takan ga wake ya daɗe yana tafasa bai nuna ba, sai ta yi ta iza wuta har itace ya ƙare. Sau da yawa laifin ba na murhu ba ne, na tudun ƙasar ne.

Masana kimiyya sun bayyana cewa abu yakan kasance a ɗaya daga cikin halaye uku, watau daskararre, ko mai gudana, ko tururi. Ƙanƙarar da kan sauko a Jos da damina, da ruwan randa, da tururin tukunya duk abu ɗaya ne, zafi ne ya bambanta su. Ko kuzar da ta sa Jos ta yi suna, ƙarfenta yakan narke ya gudana idan zafi ya kai digiri 232 na ma'aunin santigireti.

Amma wajen tafasa, ba zafi kaɗai ke aiki ba. Iskar da ke bisanmu tana da nauyi, tana danne fuskar ruwa, tana hana shi zama tururi. A Ikko, bakin teku, sai zafi ya kai digiri 100 ruwa yake tafasa. Jos kuwa tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu, don haka ruwa yakan tafasa a wajen digiri 96. Da zarar ya tafasa, zafinsa ba ya ƙaruwa kome yawan wuta, sai dai ya yi ta ƙonewa. Shi ya sa girki yake ɗan jinkiri.

Saboda haka ana shawartar jama'a su kiyaye waɗannan abubuwa. Idan tukunya ta tafasa, a rage wuta, a rufe ta da murfi. A jiƙa wake tun da dare. Mai hali ya nemi tukunyar nan mai kulle tururi, wadda zafin cikinta kan kai wajen digiri 120.

Game da ruwan sha kuwa, kada kowa ya yi shakka. Zafin digiri 96 ya isa ya kashe ƙwayoyin cutar kwalara da na taifot. A bar ruwan ya tafasa sosai na minti ɗaya, sa'an nan a sauke, a rufe shi ya huce. Rigakafi ya fi magani.