Inuwa Ba Gata Ba Ce Ga Ƙaramin Itace

Tun da damina ta kankama, hukuma ta shiga rabon dashen itatuwa, sai ga wata magana tana yawo a bakin jama'a, wai dashe ba ya rayuwa sai an laɓe shi a gindin babban mangwaro ko darbejiya, don kada rana ta ƙone shi. Wannan zance, ko da yake tausayi ne ya haife shi, kuskure ne babba, domin kuwa Allah cikin hikimarsa ya rataya arzikin itace ga haske: ganye ke karɓarsa, ya gama shi da ruwa da iska, ya sarrafa abincin da saiwa da reshe za su rayu a kansa. Misalin mai dasa itace cikin duhun inuwa kamar mai masauki ne da ya yi wa baƙo shimfiɗa mai taushi, sa'an nan ya hana shi tuwo.

Ma'abota ilmin daji sun tabbatar cewa a kurmi mai duhu, irin wanda ake samu a ƙasar Binin, hasken da ke isa ƙasa ba ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na wanda ke sauka bisa rassan sama. Ƙananan itatuwan da suka tsiro a can sukan yi shekara da shekaru ba su wuce gwiwa ba, suna ta haƙuri har ranar da iska za ta kayar da wani tsohon itace, sarari ya buɗe, su miƙe. Galibinsu kuwa ajali ke riskarsu kafin wannan rana. Sabili da haka ne a 1944 Turawan gandun daji suka shiga sare igiyoyin kurmin Binin, suna kashe itatuwan da ba su da kasuwa, don haske ya sauko wa masu katako. Dabarar ba ta biya wahalarta ba, aka bar ta cikin shekarun 1960, amma illar inuwar da suka gano haƙiƙa ce.

Ba a musun akwai masu son inuwa, kamar koko, kuma rumfar lambun raino tana da fa'ida muddin iri yana ɗanye. Amma maɗaci da gawo da ƙirya 'ya'yan fili ne. Gawon ma ba ya tauye wa gero rana, tun da da damina yake zubar da ganyensa.

Abin takaici, masu rabon dashe sukan miƙa shi su tafi, alhali ba su faɗa wa kowa inda ya dace a dasa ba. Ya kai mai karatu, in an ba ka naka bana, nema masa fili inda rana ke wuni, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ka kuma riƙa shayar da shi da rani.