Mai Neman Digirin Dokta Yana Bukatar Jagora

A gidajenmu, idan aka ce wane ya shiga karatun dokta, abin da iyaye suke fahimta shi ne yaro ya kusa gamawa. Lissafin takarda ma haka ya nuna, domin tun da ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD a shekara ta 2007, shekara 3 ce ta digirin farko, 2 ta masta, 3 ta doktora. Amma duk mai ɗa ko ƙane a wannan mataki ya san ukun nan na ƙarshe sukan zama biyar ko shida, wani lokaci kuma su ƙare babu kundi, babu shahada. Rashin kuɗi yana cikin dalilai, ba mu musa ba. Sai dai akwai wani rashi da ba a cika ambatonsa ba, wato rashin babba wanda ya riga ya bi hanyar, wanda zai zauna da ɗalibi ya nuna masa inda ramuka suke.

Mai karatu zai ce, to ai kowane ɗalibi yana da malamin da ke duba kundinsa. Haka ne. Wannan malami, wanda ake ce wa directeur de thèse, aikinsa kundin ne: ya amince da batun bincike, ya gyara babi-babi, ya sa hannu a kai ɗalibi gaban alƙalai. Shi kuwa jagora, wanda a Faransanci da Ingilishi duka ake kira mentor, mutumin yake dubawa. Shi ake tambaya wace mujalla ce ta cancanci a aika mata da maƙala, wace ce kuma ta ƴan damfara masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba. Shi ake gaya wa cewa malamin kundi ya yi wata shida bai mayar da babi na biyu ba, a nemi shawarar yadda za a tuna masa cikin ladabi. Irin wannan magana ɗalibi ba ya iya kai ta ga wanda makomarsa ke hannunsa, shi ya sa ake so jagora ya zama wani dabam, wanda ba shi da hannu a ba da maki.

Ba kuma laifin malaman kundi muke gani ba. Jami'ar Yamai ta fara a matsayin cibiyar karatu mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Shekaru da yawa ita kaɗai ce ta gwamnati, sai a 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. Gini ana iya tayar da shi cikin shekara biyu, amma malamin da ya kai matsayin jagorantar kundin dokta ba ya samuwa sai bayan shekaru masu yawa. Ƙa'idar CAMES, majalisar da aka kafa a nan Yamai a 1968 wadda hedikwatarta take Wagadugu, ta ware wannan aiki ga masu manyan muƙamai biyu, maître de conférences da farfesa. Saboda haka mutum ɗaya sai ya wayi gari da ɗalibai birjik, ga darussa, ga aikin ofis, ga tafiye-tafiye.

Wuri mafi hatsari kuwa, a ganinmu, shi ne bayan an kare kundi an ci shinkafar walima. Sabon dokta yana tsammanin ya iso, alhali kuwa tsani ne aka ajiye masa. Kafin ya hau kowane mataki sai kwamitocin CAMES, waɗanda ke zama kowace shekara, sun duba takardunsa sun ƙirga maƙalolin da ya buga. Maƙala tana son bincike, bincike yana son kuɗi, kuɗin kuma ana samunsu ta rubuta takardar neman tallafi, wadda sana'a ce mai zaman kanta da ba a koyar da ita a aji. Wanda bai sami mai koya masa ba sai ya ƙare a koyarwar wucin gadi da ake biya da awa, yana zagaya makarantu masu zaman kansu a kan babur, har ilimin da ya sha wuya a kansa ya tsufa a cikin jaka. Wani kuma ya koma ƙasar da ya yi karatu, ba a ƙara ganinsa sai hutu.

Wasu cibiyoyi a Afirka sun lura da wannan giɓi, suka ƙi barinsa ga sa'a. Wadda tsarinta ya fi burge mu ita ce AWARD, da aka kafa a Nairobi ta ƙasar Kenya a 2008 domin mata masu binciken aikin gona. Tsarin da ta fara da shi na shekara 2 ne. Ana haɗa kowace mace da wani babban masani, mace ko namiji, a tara su wurin bita tun farko, su zauna su rubuta inda take son kaiwa da matakan da za ta bi. Daga nan su riƙa ganawa kowane wata har shekara guda. A shekara ta biyu ita ma sai ta ɗauki wata ƙarama ta yi mata abin da aka yi mata. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne gishirin abin, domin kuɗin mai tallafi yana ƙarewa, amma macen da ta koyi jan wata ba za ta manta ba. Rubuta manufa ma ba ƙaramin abu ba ne: ganawar da ba ta da takarda a gaba takan koma gaisuwa da shan shayi.

Akwai kuma CARTA, ita ma ta 2008, wadda cibiyar bincike ta APHRC a Nairobi da jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu suke jagoranta, kuma jami'o'in Ibadan da Ile-Ife na Najeriya suna ciki. Tana ɗaukar ƙananan malaman jami'a masu neman dokta a fannin lafiyar al'umma, ta tara su sau 4 a tsawon karatunsu, kowane zama na makonni, a koya musu tsara bincike da sarrafa bayanai da rubutu. Malaman kundi su ma ana yi musu bita, domin iya bincike dabam, iya renon mai bincike dabam. Bayan digiri ba a sallamar mutum haka nan, akwai tallafin komawa jami'arsa ya fara nasa binciken. Abin da iyaye mata za su so ji shi ne, an ƙara wa mata iyakar shekarun shiga fiye da ta maza, kuma mai shayarwa takan zo da jaririnta da mai reno a ɗauki nauyinsu. Wanda ya tsara haka ya san yadda gida yake.

Matsalarmu da waɗannan biyu ita ce harshe, domin da Ingilishi suka tashi, ko da yake AWARD ta buɗe ƙofa daga baya ga ƙasashe masu Faransanci. Kusa da mu akwai WASCAL, shirin binciken sauyin yanayi na Afirka ta Yamma da Jamus ta ba kuɗi, wanda ya raba fannoni tsakanin jami'o'i, Yamai ta sami na makamashi, kuma yakan fara da koya wa ɗalibai harshen da ba su da shi. Sai LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa a Yamai a 2001, inda manya da ƙanana sukan fita bincike ƙungiya guda, su wuni suna tambayar mutane, da yamma a zauna a tattauna abin da kowa ya jiyo. Ƙaramin mai bincike yana ganin yadda babba yake tambaya da yadda yake yin shiru, abin da littafi ba ya koyarwa.

Mu da muka tashi a zauren karatu ba mu ga baƙon abu a nan ba. Ahmad Baba na Tumbutu ya lazimci malaminsa Muhammad Bagayogo fiye da shekara 10. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, kuma da malamin ya wuce Makka sai Shehu ya juyo gida, domin bai nemi izinin mahaifinsa ba. Abin da cibiyoyin zamani suka ƙara shi ne wa'adi da yarjejeniya a rubuce, kuma muna ganin wannan ƙari yana da amfani. Dangantakar babba da ƙarami a wurinmu tana saurin komawa ta ubangida da bara: ɗalibi ya zama mai ɗaukar jaka da gyara takardun jarrabawa, ya rubuta maƙala a sa sunan wanda bai karanta ta ba a gaba. Wannan cin amana ne, kome sunan da aka ba shi. Tsari mai kyau yana faɗin yaushe za a fara, yaushe za a gama, da wurin kai kuka idan ba a jitu ba. A Faransa, tun dokar 2016, kowane mai neman dokta yana da kwamitin da ke bin aikinsa, wanda malamin kundinsa ba ya ciki.

Saura abin da ya shafi gida. Uba ko miji ba zai iya gyara babi ba, amma zai iya tambaya: ban da malaminka, wa kake shawara da shi? Idan amsar ita ce babu, a duba cikin dangi da maƙwabta da abokan sahu a masallaci, sau da yawa akwai tsohon malamin jami'a ko likita ko injiniya da zai ba da awa guda a wata idan an roƙe shi, ko da fanninsu bai zo ɗaya ba. Da ɗan gari akan ci gari. Game da ƴaƴa mata, mun san damuwar iyaye da mazaje a kan ganawa da namijin da ba muharrami ba, kuma damuwa ce mai tushe. Maganinta yana hannu: a nemi jagora mace idan akwai, in babu a yi ganawar a ofis cikin lokacin aiki, ko mutum uku tare, ko ta waya, maimakon a hana ta gaba ɗaya. Idan kuma gayyata ta zo ta taron masana na mako guda a Dakar ko Akara, a sani yawancin masu shirya irin wannan taro suna son amsa da fasfo makonni kafin ranar, don haka shawarar wanda zai riƙe yara tun ranar da takardar ta iso ya kamata a fara ta.